Tunawa Da Marigayi Sam Cooke

Ranar 11 ga Disamba, 1964, aka harbe Sam Cooke a wani masauki a birnin Los Angeles, yana da shekara 33. A zamaninsa mawaƙi baƙar fata na Amurka shi ke noma, kamfanonin Turawa ke cika rumbu. Cooke bai yarda ba. Da waƙarsa "You Send Me" ta game ƙasa a 1957, sai ya kafa kamfanin Kags domin riƙe haƙƙin waƙoƙinsa, da kamfanin faifai na SAR, inda matasa irin su Bobby Womack suka fara fitowa. Ya kamata mawaƙan yau su yi koyi da shi, su karanta takarda kafin su sa hannu, domin haƙƙin waƙa gadon 'ya'ya ne.