Karen da ke zaburar wa mutane a hanya: a tuhumi mai shi kafin a nemi guba

Yau maganar karnuka za mu yi, kuma mun san wasu ba za su ji daɗinta ba.

Duk mai fita da asuba ko bayan isha'i ya san halin da ake ciki a wasu unguwanni. Kare ya yi ta haushi, ya zaburo wa mai wucewa, ya bi ɗan kabu-kabu har ya kusa kayar da shi, ya sa yarinya mai talla ta watsar da tirenta. In aka yi magana, mai shi ya ce: "Ai zafi ne da shi, gadi yake yi." Malam, wane irin gadi ne a tsakiyar hanyar jama'a? Almajirin da ke wucewa ɓarawo ne?

Mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin karnukan nan tsoro ne ke sa su haushi. An ɗauko kwikwiyo an ɗaure shi da sarƙa a rana, ba ruwa, ba abincin kirki, wai don ya yi zafi. Yara na wucewa suna jifar shi, manya na kallo suna dariya. In ya yi ƙara a zabga mishi sanda. Ya tashi bai san ɗan Adam da komai ba sai dutse da bulala. Ranar da ya kwance, me ake tsammani zai yi? Ya riga ya koyi cewa in ya yi haushi ya zabura, mutum na gudu. Duk wanda ya gudu kuwa ya ƙara tabbatar mishi da darasin.

Ku dubi karnukan makiyaya a kwarin Tarka da wajen Bermo. Kare na bin garke da iyalin Bafulatani ko Buzu, yana kare dabbobi da dare, amma yana jin muryar mai shi, in an tsawata mishi ya kwanta. Haka ma karen mafarauci: yana da suna, ana kiran shi ya zo. Bambancin shi ne an rene su cikin mutane da dabbobi tun suna ƙanana. Masana halayyar dabbobi sun ce daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ke sabawa da abin da ke kewaye da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ko babban kare ma ana iya rage mishi wannan hali, in mai shi na da haƙuri. A fita da shi da igiya, a tsaya nesa da hanya, inda zai hangi mutane ko babur ba tare da ya tayar da hankali ba. Da ya gan su bai yi haushi ba, a ba shi ɗan ƙanzo ko guntun nama. In ya fara haushi, an matso da yawa ke nan, sai a ja da baya. Kullum kaɗan-kaɗan ana rage tazara, har ya gane ganin baƙo alheri ke kawo mishi. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni. Duka kuwa tsoron yake ƙarawa, kuma karen da aka hana gurnani da sanda shi ne ke cizo ba gargaɗi. Wanda ya taɓa cizon mutum, kada a fita da shi sai da takunkumi.

Wani zai ce: "Mutane na fama da tsadar hatsi, ku kuna maganar tarbiyyar kare!" To a saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Wannan maganar rayukan ƴaƴanmu ce. Kuma a kula: karen da ya canza hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, ya wuce batun horo. A nisance shi, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take.

Su kuma masu cewa a zuba guba kawai a huta, ai an sha gwada wannan a ƙasashe da dama. A kashe na yau, bayan ƴan watanni wasu su maye gurbinsu, ga gubar na kashe ungulu da sauran dabbobi, ga haɗari ga yaran da ke wasa a juji. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rigakafi: in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, yaɗuwar ciwon na tsayawa. Maƙwabtanmu a Njamena ta ƙasar Chadi sun kai wannan adadi a 2012 da 2013, kuma ciwon ya ragu ƙwarai a birnin.

Don haka kiranmu a fili yake. Mai kare, ka ciyar da shi, ka shayar da shi, ka kai shi a yi mishi allura, ka riƙe shi a gidanka. In ba za ka iya ba, kada ka ɗauko kwikwiyo tun farko. Iyaye, ku hana yara jifar karnuka, ku koya musu in kare ya taso su tsaya cak, kada su ruga. In an ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya likita a ranar, kada a tsaya shafe-shafe a gida. Masu unguwanni da ma'aikatar magajin gari, ku san gidajen da ke da karnuka, ku haɗa kai da ma'aikatar kiwo a shirya ranar allura. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. Me zai hana Dakoro ta yi nata shirin a wannan rana?

Wace unguwa ce wannan matsala ta fi damu? Ku faɗa mana, kuma ku tura wa maƙwabcinku mai kare. Allah ya tsare mu da iyalanmu.