Rana Tana Arewa, Amma Wuta Sai An Jawo Ta Daga Nesa

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba za su manta da watan Oktoba na 2024 ba. A wannan wata ne manyan layukan lantarki da ke kai wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna wanda ɓarayin daji suka ɓata. Jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka zauna, waya kuwa ba ta daina ƙara ba a aljihun 'yan'uwansu na Kurmi, ana neman kuɗin cefane.

Abin mamaki shi ne, madatsun ruwan Kainji da Shiroro da Zungeru duk a Jihar Neja suke. Watau ba rashin tushen wuta ne ya jefa Arewa duhu ba, dogaro ne da 'yan layuka ƙalilan masu ratsa daji.

Shi ya sa hankali ya koma kan hasken rana, wanda Allah ya hore wa Arewa fiye da Kudu. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a Janairun 2023 kuma Shugaba Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso ta Jihar Kano. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Sai dai fa wanda ya san labarin injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10 kacal da suka shafe fiye da shekara goma ana jira, ba zai yi saurin tafi ba. Abin da ya fi kama da mafita shi ne irin na Kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda a 2018 aka soma kafa farantan sola a kan rufin shaguna, ɗan kasuwa ya biya gwargwadon abin da ya sha. Wutar tana nan a kansa, ba layin da za a sare a daji.

Ga mai shago a Agege ko Sabon Badun, akwai lissafin da ya fi wannan kusa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. A kan wannan farashi, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da ke kunne awa goma kullum yana cin kusan naira 4,000 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu kusan ɗaya ne, bai wuce naira 600 da 'yan kai ba. Mai ƙwai goma sai ya lissafa da kansa.

Haka nan wanda ke shirin aika sola gida ƙauye. In aka fara sauya ƙwayaye da fanka zuwa masu cin wuta kaɗan, ƙaramin faranti da batir ɗaya sun ishi ɗakin tsohuwa da cajin waya. In kuwa aka bar tsofaffin kaya, aka haɗa da dutsen guga, batirin ba zai daɗe ba, batir kuwa shi ne mafi tsada a cikin kayan.