Mayaƙin D&D da na Pathfinder: wanne ya fi daɗin riƙewa?

Yau mun ajiye waya da kwamfuta, wasan tebur za mu taɓa.

A nan Riyadh, garin da ya karɓi baƙuncin Esports World Cup a 2024, idon kowa na kan allo. Amma Baldur's Gate 3 da ya yi tashe a 2023, ƙa'idojinsa daga Dungeons & Dragons aka ɗebo, wasan takarda da fensir da ɗan lido wanda ya fito tun 1974. Idan sabon shiga ya zauna a tebur, kusan kullum sai a ce masa, "Ɗauki mayaƙi, ya fi sauƙi." To, tsarin mayaƙin nan shi ke sa ya dawo mako mai zuwa ko ya gudu.

A D&D bugun 2014, mayaƙi yana kai sara biyu a mataki na 5, uku a na 11, huɗu a na 20. Ƙarfi kam akwai. Sai dai duk zagaye magana ɗaya ce: "Na kai sara." Mai riƙe da matsafi kuwa yana ta zaɓe cikin dabaru barkatai. Gyaran 2024 ya ba kowane makami tasa baiwar, wani ya ture, wani ya kayar. An yi ƙoƙari, amma da saura.

Pathfinder bugu na biyu, na kamfanin Paizo a 2019, motsi uku yake ba ka kowane zagaye. Sara na biyu ana rage maka maki 5, na uku 10, ɗaga garkuwa ma motsi guda yake ci. Dole ka yi lissafi: in ƙara sara, in kare kaina, ko in kayar da shi? Idan ka zarce kariyar abokin gaba da maki 10, ɓarnar ta ninka.

Ai yaƙi ɗan zamba ne. Rundunonin Kano da Zazzau ma akwai 'yan lifidi, 'yan baka da dakaru masu garkuwa, kowa da dabararsa.

Gaskiya ƙa'idojin Pathfinder sun fi nauyi, daren farko sai an yi haƙuri. Duk da haka ni shi na zaɓa. In kuma teburinku D&D ake bugawa, don Allah ku ba sabon shiga Battle Master, ya samu abin tunani.