Jimla biyu sun ishi fosta

Hutun da ya wuce na leƙa wata firamare a Kusada, na tarar da fosta cike da alamomin rubutu, duk da Turanci, har da zanen furanni. Yara ko kallonta ba sa yi.

Ni dai a ganina jimla biyu sun isa: "An turo kuɗin." da "An turo kuɗin?" Duk wanda ya taɓa sheƙawa wajen mai POS saboda Yaya ya manta alamar tambaya a saƙonsa, wallahi ya san bambancin. A rubuta su manya-manya da Hausa, alamomin da jan maka. Waƙafi ya jira wani makon.

'Yan Kankia da Kusada, kwali nawa yake? Hutun nan mu kai wa ƙannenmu.