Ilimantar da masu ciwon suga: Shin darasin na sauka a jini?

Kowace ranar 14 ga Nuwamba, ranar da duniya ta keɓe wa ciwon suga, ana yin tattaki a manyan biranen Najeriya, a gwada jinin jama'a kyauta, likitoci su yi jawabi a rediyo, washegari kowa ya kama gabansa. Wannan wayar da kai ce, kuma tana da amfaninta. Ilimantar da majiyyaci kuwa aiki ne na daban: a koya masa auna sukarin jininsa, da daidaita allurar insulin da abin da ke cikin kwanonsa, da gane alamun faɗuwar suga tun kafin ya yanke jiki ya faɗi.

Ga manya, akwai shaidar cewa irin wannan koyarwa tana aiki. A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon shirin DAFNE na Birtaniya, wani kwas na kwana biyar ga masu nau'i na ɗaya, wanda aka aro daga tsarin birnin Dusaldof na Jamus. Bayan wata shida, ma'aunin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku, ya sauka da kimanin maki ɗaya, mahalarta kuma suka samu sakewa wajen cin abinci. Takwaransa DESMOND, na masu nau'i na biyu, zama ne na awa shida. Ya taimaka wajen rage ƙiba da barin sigari a shekarar farko, amma bayan shekara uku ba a ga bambanci a jinin waɗanda suka halarta da waɗanda ba su halarta ba.

Da aka zo kan yara sai lissafin ya ƙi. An gwada KICk-OFF ga 'yan shekara 11 zuwa 16, aka gwada CASCADE a asibitocin yara na Ingila. Duka biyun ba su sauke matsakaicin HbA1c ba bayan shekara biyu, kodayake a KICk-OFF yaran sun nuna ƙarin jin daɗin rayuwa a watannin farko, waɗanda sukarinsu ya fi tsanani kuma sun ɗan amfana. A CASCADE iyalai da yawa ba su ma halarci zaman ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya reni matashi. Sau da yawa yaro ya san abin da ya kamata sarai, kunyar yin allura a gaban abokai ce ke hana shi, ga sauye-sauyen balaga da ke rage tasirin insulin a jiki.

Labarin Ruwanda ya fi kusa da halin da ake ciki a nan. A can shirin Life for a Child ya haɗa koyarwa da insulin kyauta, da kayan gwaji, da bibiyar yara duk bayan wata uku. Cikin shekara biyu matsakaicin HbA1c ya sauko daga sama da 11 zuwa ƙasa da 10. Har yanzu da sauran tafiya, domin abin da ake nema bai wuce 7 ba. Sai dai ba wanda zai iya ware rabon darasi daga rabon allura a wannan nasara, kuma nan ne masu tsara shiri a Najeriya suka fi yin tuntuɓe.

Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kamfanin Sanofi mai yin Lantus kuma ya sanar a ƙarshen shekarar cewa zai miƙa rarraba kayansa ga wani dillali. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majiyyaci yake fitowa, uwar da aka koya wa gwada ɗanta sau huɗu a rana za ta tsaya tana lissafin tsinken gwaji da kuɗin cefane. Wasu kan rage yawan allurar domin kwalba ta kai ƙarshen wata.

Abin da ake koyarwar ma na buƙatar ya zauna da gindinsa a gida. Littafin da ya auna biredi da dankalin Turawa bai gaya wa kowa nauyin malmalar tuwo ko ludayin fura ba. Inda babu wutar lantarki, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, sanin ajiye insulin a sanyin tulu darasi ne na ceton rai. Haka batun azumi: binciken EPIDIAR a ƙasashe 13 ya gano kashi 43 cikin 100 na masu nau'i na ɗaya sun azumci aƙalla kwana 15, mummunar faɗuwar suga kuma ta ninka a cikin watan. Darasin da za a yi a Sha'aban, likita da malami a zaune tare, zai fi tattakin Nuwamba tasiri.

A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya da Nijar, sun amince cewa zuwa 2030 duk mai nau'i na ɗaya zai samu insulin da kayan auna jini a farashi mai sauƙi. Kafin a kai can, akwai yaron da ke yawan fitsari da ƙishirwa yana ramewa, ana ta ɗura masa maganin zazzaɓin cizon sauro har ya suma. Malaman makarantun kwana da ma'aikatan ƙananan asibitoci ne ke fara ganinsa, su ne kuma aka fi mantawa da su idan ana rarraba takardun gayyata.