Ɗan'uwa mai saurin fushi ba abin gudu ba ne

Kowace ikilisiya tana da irinsa: an manta sunansa a sanarwa, ya daina zuwa sujada, an yi masa gyara a ƙungiyar mawaƙa, ya yi zuciya. Mu kuma sai gulma, ko mu riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai. Duk biyun kuskure ne.

A Romawa sura 15, Manzo Bulus ya ɗora nauyin haƙuri kan masu ƙarfin bangaskiya. Matiyu sura 5 kuma ta sa sulhu gaba da baiko. To, ka same shi a keɓe, ka saurare shi, sannan ka faɗa masa gaskiya cikin ƙauna. Wataƙila tsohon ciwo aka fama masa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.