Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne: Batun Sinadarin Seleniyam

A Gwandu da Kalgo, kamar sauran garuruwanmu, idan aka kwantar da majiyyaci aka rataya masa ledar ƙarin ruwa, sai hankalin 'yan'uwa ya kwanta, su ce ai yana samun abinci ta jijiya. Wannan kuskure ne. Ruwan da aka saba ɗaurawa gishiri ne da sukari kawai.

Ciyarwa ta jijiya wani abu ne daban. Likita Stanley Dudrick na Amurka ne ya tabbatar a 1968 cewa ana iya rayar da mutum da ita kaɗai. Masu bukatarta su ne waɗanda hanjinsu ya daina aiki, misali yaron da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, aka yi masa tiyata, ɗinkin kuma ya ƙi kamawa har makonni. A ra'ayina, duk asibitin da zai yi wannan ciyarwa wajibi ne ya sa seleniyam cikin haɗin tun ranar farko.

Bukatar baligi kusan maikirogiram 55 ce a yini, abin da ido ke iya gani da ƙyar. Amma da shi jiki ke ƙera sinadarin da ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, musamman na tsokar zuciya. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ba ta da seleniyam sosai, wani ciwon zuciya ya yi ta kashe yara da mata tun 1935, kuma bai lafa ba sai da aka fara raba sinadarin a shekarun 1970. A 1979 likitoci a Niyu Zilan suka ba da labarin wata mata da ake ciyarwa ta jijiya, ciwon tsoka ya hana ta tafiya, ta kuma warware da aka ƙara mata shi.

Mai lafiya yana samun nasa daga kifi da nama da ƙwai. Na gero da shinkafa kuwa ya danganta da ƙasar da aka noma su. Wanda bakinsa ya rufu bai da ko ɗaya, ga gudawa da yoyon hanji suna zubar da ɗan abin da ya rage.

Sai dai kada ɗalibi ya ruga kantin magani. Fiye da maikirogiram 400 a yini yana iya zubar da gashi, ya lalata farce. Gwaje-gwajen da aka yi na ɗura shi da yawa ga masu tsananin ciwo ma ba su rage mace-mace ba. Abin da masana ke shawarta wa baligin da ake ciyarwa ta jijiya shi ne 60 zuwa 100 a yini, tare da auna jininsa lokaci-lokaci.